Tukunyar Makka da Kakin Sharika

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga innarka zuwa ga autana Haruna. Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Managil lafiya, lori bai kafe da ku a laka ba, direban nan mai gudu kamar kura ta biyo shi bai juye ku a rafin auduga ba. Allah shi tsare gabanka da bayanka. Ka gaida kawunka Isiyaku, ka ce masa yayarsa tana nan, haƙora sun ragu amma baki bai ragu ba.

Na san inda ka tsinci takardar nan. Ƙasan sanduƙi, inda ka naɗe kakin sharika, kamfanin wutar da ka yi wa aiki, da hular kwano ka ɓoye. Kada ka zazzage kaya, ba su nan. Ba ɓarawo ba ne, ni ce, tun ranar da ka ɗaure kaya na zare su. Zauna ka karanta, zan gaya maka inda suke in na gama abin da ke bakina. Rubutun allo ne, iyakar abin da babanku ya koya mini ke nan. Inda ya gagare ka, tunda kai Larabci ya fi zama maka a ido, kai wa kawunka. Zai yi dariya, ƙyale shi.

Ba zan ba ka labarin hilla ba, ƙauyen namu da yanzu ka baro, akuya ba ta haihu ba, liman bai rage tsawon huɗuba ba. Maganar da ka yi mini kana ɗaure kaya ita ta hana ni sakat. Ka ce, "Inna, riƙon ƙwarya zan yi wa Kawu a tahuna, wurin injin niƙansa. Mudir ya ce da an samu hali za a neme mu. Matata Zainabu ta zauna wurinki, ba sai na kwashe ta ba." Na ce maka to. To ɗin nan ba na yarda ba ne, bakina ne cike da goro.

Ni sallamar da anka yi muku ba ta ba ni mamaki ba. Tun da sabon mudir, manajan sharika, ya zo daga Hartum da maganar taufir, wai tsimi, na san inda aka dosa. Sunka haɗe warshoshi, ɗakunan gyara, wuri guda, aikin mutum uku anka ɗora wa ɗaya, motar da ke kwaso ku anka kafe ta, har mai shayi anka ce ya ɗauki butarsa. To mi kake so su yi? An gama gina hazan, madatsar ruwan nan, an dasa injunan wuta, ruwa ke tura su, ruwa kuwa ba ya karɓar mahiya ƙarshen wata. Mai gona ma in ya gama shuka yakan sallami 'yan ƙodago. Ba na cewa sun kyauta. Cewa nake ba su yi sabon abu ba. Kuma kada ka ce mini hilla za ta yi duhu don an cire ka. Duk shekarun da ka yi kana yi musu aikin kahraba, wato lantarki, wayarku ta kanmu take wucewa zuwa Hartum, ni da fitilata da ashana. Tsuntsaye kaɗai sunka amfana, sun samu wurin zama.

Abin da ya dame ni shi ne "za a neme mu" ɗin nan. Na san shi. Na zauna da shi tun ina amarya har furfura ta cika mini kai. Bari ka ji.

Ka san tukunyar ƙarfen nan mai murfi da ke rataye a ɗakina, wadda kuke cewa tukunyar Makka, in yaro ya taɓa in ɗauko muciya. Uwata ta ba ni ita ranar da munka baro ƙasar Sakkwato, ni da babanku da jaki da kawunka yana ɗan yaro mai majina. Ta ce, "Ki dafa wa Malam tuwo a cikinta ranar da kunka sauka Makka." Munka taka, munka taka, har ƙafa ta manta da zama. Da munka iso Jazira guzuri ya ƙare. Babanku ya ce, "Mu tsinci auduga kaka ɗaya, mu wuce." Ni kuma na ce ba zan ɓata tukunya da hayaƙin hanya ba. Na samu wata tsohuwar ta ƙasa mai tsaga, kullum ina toshe ta da ƙullu. A cikinta na dafa abin da na haifi yayyenka da shi, a cikin irinta na dafa abin da na yaye ka. Sabuwa tana rataye tana kallona, ni ina kallonta. In miya ta tsiyaye a wuta babanku ya ce, "Ke, sauko da waccan mana." In ce, "A'a Malam, ta Makka ce." Shi kuma ya ƙyale, don in ya nace a sauko da ita kamar ya ce mun fasa tafiya ne. Kowa yana jin kunyar ya fara faɗa.

Wauta ce, ba ibada ba. Allah bai ce a sha miya mai toka don Makka ba. Abin da ke hannunka yau, yi aiki da shi yau. Kai ma ka rataye taka tukunyar, sai dai taka tana da aljihu da maɓalli.

Na biyu ya fi wannan tsada. Wata shekara auduga ta faɗi, masu hawasha suna ta guduwa suna barin gonakinsu. Mufattish, mai duba gonakin, da kansa ya zo hillarmu bisa doki, yana roƙon mutane su karɓi hawasha, ga ruwa har bakin gona. Ya tsaya gaban babanku ya ce, "Ya Faki, kai mutumin kirki ne, karɓi ɗaya." Babanku ya shigo ɗaki yana sosa gemu. Wallahi ransa ya biya. Ni ce na tare shi. Na ce, "Malam, ka karɓi ƙasa ka karɓi igiya a ƙafa. Mu matafiya ne. Mi za mu ce wa mutanen gida, mun fito hajji mun ɓuge da noman Turawa?" Ya fita ya ce wa mufattish, "Mun gode, mu bayan kaka za mu wuce." Mufattish ya ce, "Bara ma haka ka ce." Ya ja dokinsa.

Bayan kaka ba mu wuce ba. Munka ci gaba da tsintar auduga a gonar da anka ce mu karɓa, wani ke ba mu umarni a cikinta. Da kawunka ya girma, shi bai tsaya jin ta bakina ba, da ƙofa ta buɗe ya shige. Na kira shi mai kwaɗayin duniya. Yau mai kwaɗayin duniya ke da tahuna a Managil, ni kuma mai tsoron Allah ina aika masa ɗana.

To ka ji da kyau. Kawunka ba riƙon ƙwarya ya kira ka ba. Ya tsufa, kunnensa ya toshe da ƙarar inji, 'ya'yansa mata ne, mazajensu kuwa ko fitila ba su iya gyarawa ba. Ya aiko mini cewa in za ka zauna, zai sa hannunka cikin tahunar a matsayin mai rabo, ba yaron gida ba. In kuwa ya ga idonka na kan hanya, akwai wani makaniki a kasuwa da ke ta kai masa gaisuwa da rake. Isiyaku ba ya roƙo sau biyu, jininmu ɗaya, na san shi. Kada ka tsaya gabansa kana sosa gemu ka ce, "Bayan kaka." Wannan amsa mun riga mun ba da ita a gidanmu, ta ishe mu.

Na uku, Hajja Kulu. Kai da Hajja ka san ta. Ni na san ta tana Kulu zalla, mai ɗan kwali ɗaya. Lokacin da munka gangaro nan bakin kogi kusa da Rusairis, tare munka kafa bukka, katanga ɗaya. Wata rana na leƙa na gan ta durƙushe tana dasa wani ɗan tsiro a gwangwani. Na ce, "Kulu, mi ke nan?" Ta ce, "Lemo." Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Lemo? A kai za ki ɗora shi zuwa Jidda, ko jirgin ruwa zai jira ya yi 'ya'ya?" Ta ce, "In mun tafi wani ya sha." Na ce, "Wahalalliya." Ni ko kuka ban dasa ba, ko inuwa. Matafiyi da dashe?

Lemo ya girma. Ta ƙara wani, ta ƙara wani. Ta riƙa kai kwando kasuwar Rusairis. Da anka fara ginin hazan, garin Damazin ya cika da baƙi masu ƙishi, lemon Kulu har rububinsa ake. Ran nan sai ga ta a ƙofata da sabon tobi ta lulluɓa, ta ce, "Na zo sallama, za mu sauke farali." Wadda ta dasa ita ta tafi. Ni mai jira da ƙullin kaya ina tsaye ina mata a sauka lafiya, bakina kamar na tauna lemon nata da ɓawo.

Ba a nan wautar ta tsaya ba. Da ta dawo, hilla duka ta tafi yi mata barka, ni na ce kaina ke ciwo. Na daɗe ina wannan ciwon kai. In mun haɗu a bakin kogi in juya tulu in ba ta baya. Mi ta yi mini? Ba komai. Laifinta ta samu abin da na rasa. Ita ce ta gaji ta shigo har ɗaki, ta dangwara mini dabino da ɗan zamzam a kwalba, ta ce, "Ke, in kin gama haukan ki sha, ko ya sauka." Na sha. Ya sauka.

Na kawo maka wannan ne saboda Babikir. Tare kunka shiga sharika, tare kuke cin waken ful a kwano ɗaya. An bar shi, an cire ka. Ya zo har gida yi maka sallama, na gan ka da idona, ka miƙa masa yatsu biyu kana kallon sanduƙinka. Kunya ta kama ni. Shi ya sallame ka? Bawan Allah yanzu aikinka da nasa da na wani duk a wuyansa, ya rame kamar kazar mayu, kullum yana jiran ranar da taufir zai biyo ta kansa. Ka aika masa da gaisuwa. In ka samu mai zuwa, haɗa masa da ɗan garin dawa. Gaba da wanda bai cuce ka ba kaya ne mai nauyi, kuma ba a biyan ɗan dako.

Kada ka ce Inna ba ta san zafin sallama ba, ita da ba ta taɓa sa kaki ba. Ni ma hazan ya sallame ni, kafin ya sallame ka. Ka tuna ina sai da kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miyar kuɓewa ƙarƙashin bishiyar bedin nan na bakin ƙofar ma'aikata. Lebura kamar fari, tun hantsi kwanona ya ƙare. Har wani Bature ke aiko direbansa, wai yana son mai yaji, ya ci yana hawaye. Na ɗauka abin ba shi da ƙarshe. Da gini ya ƙare anka fara kwashe mutane lori-lori, na tambayi rais ɗinsu, shugaban lebura, wani mai tumbi da bai taɓa wuce kwanona ba, na ce, "Ya rais, mutanena fa?" Ya ce, "Bukura, ya Hajja, za su dawo, akwai sabon aiki." Ga shi ya kira ni Hajja, ga shi ya ce gobe. Sai na ji daɗi.

Na ci gaba da kwaɓa ƙullu cikakken kwano ina ɗauka har bakin ƙofa. In zauna, ni da ƙuda da mai gadi. In mota ta taso in gyara zama, ta wuce. Ƙullu ya yi tsami in dawo da shi, ku ci na safe ku ci na dare, har yayarka ta ce in ta ƙara ganin kisra za ta koma gidan miji ko ba a biko ba. Sauran mata tuni sun kwashe murhunsu sun koma tashar Damazin, inda mutane suke. Da na farga na bi su, duk inuwa mai kyau an kama, sai kusa da masu jakuna na samu.

Rais ba maƙaryaci ba ne. Mudir ɗinku ma ba lalle maƙaryaci ba ne. Mutum in zai sallame ka, yana kallon idonka, dole ya sa maka ɗan zuma a baki don ka fita ba hayaniya. "Za mu neme ku" sallama ce, kamar "sai mun zo" da ake ce wa mai jego. Ana amsawa da "Allah shi kawo ku", ba a shimfiɗa tabarma a zauna jira.

Babanku har ya koma ga Allah yana cewa baɗi. Haramin da ya saya tun muna da ƙarfi, yana naɗe cikin jaka, shi munka yi masa likkafani da shi. Bai yi asara ba, ya tafi da kayansa, niyyarsa kuma tana wurin Mai ita. Amma ya bar ni da bukka da ɗan jarfin nan, 'yar gonar bakin kogi, da ko shi sai da Kulu ta matsa mana munka share. Mutumin kirki ne, Allah shi jiƙansa. Da na bar shi ya karɓi hawasha, da wataƙila ya je ya dawo har ya ishe mu da labari.

Yanzu ga abin da nake so da kai, kuma ba shawara nake nema ba.

Ka kwance kayanka. Duka. Kada ka bar ko tsinke cikin sanduƙi da sunan na komawa. Ka nemi ɗaki mai ƙofa, ka sayi gadon angarib mai ƙafa huɗu ka kwanta kamar mai gida, ba kamar mai jiran lori ba.

A tahuna, gari zai bule maka kai da gira ka fito kamar aljani. Ba abin kunya ba ne, wanka ke fidda shi. Matan Managil za su zo da dawarsu da bakinsu. Za su ce ka niƙa da gari-gari, za su ce ka niƙa da laushi, za su ce na jiya ya fi. Ka ce, "Hadir, ya Hajja," wato an gama, ko ba ta je ko'ina ba, ka ga ni ma ya yi aiki a kaina. Ka kakkaɓe wa kowace garinta tas, kada ka bar na wata a bakin inji ya shiga na wata, mace tana yafe zagi amma ba ta yafe wannan. Kuma don Allah kada ka ishe su da "lokacin da nake kahraba". Mai jiran garin tuwon dare ba ruwanta da injin da ya fi ɗaki girma. Wanda ke gabanka shi ne injinka. Ka saurare shi yadda kake sauraren na hazan, in ya canza murya ka san dalili. Hannun nan naka sharika ba ta karɓe shi ba, kaki kaɗai ne nata, shi ma ta bar maka.

Kawunka zai yi maka faɗa a kan abin da bai kai ba. Kurma ne, ihu yake yi yana zaton raɗa ce. Ka ce to, ka yi abin da ya dace.

In kuwa wata rana da gaske sharika ta neme ka, ta san hanya. Masu ja waya daga Rusairis har Hartum ba za su ɓata a hanyar Managil ba. Ran nan sai ka zauna a gidanka, cikinka cike, ka duba ka ga ko kana so. Wanda ke da tuwo a gida shi ke ciniki. Mai jira abin da anka miƙa masa yake karɓa.

Maganar Zainabu kuma, ba ta zama wurina. Ni ba ajiya ba ce, ita kuma ba tukunya ba ce da za ka rataye sai ranar da mudir ya tuna da kai. Yarinya da ciki, ta zauna tana kallon tsohuwa tana tauna goro? Na tambaye ta, na ce, "Ke, nan ko can?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tobi, ta ce, "Duk yadda kunka ce, Inna." Na ce, "Ban tambayi kunya ba, ke na tambaya." Ta ce, "Can." Kalas, magana ta ƙare. Na yi magana da direba, lorin ranar kasuwa mai zuwa za ta hau, gaba za ta zauna ba bisa buhu ba, yayarka za ta rako ta. Ka je tasha ka tarye su, ka wanke garin kanka tukuna kada ta wuce ka.

Za ta zo maka da abu biyu. Na farko gwangwani da ɗan lemo, daga bishiyar Hajja Kulu. Da na je roƙo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A kai za a ɗora shi zuwa Jidda?" Ashe ba ta manta ba, tsohuwar banza. Munka yi dariya har tari ya kama mu. Ka dasa shi ranar da ya iso, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Na biyu tukunyar Makka. Na sauko da ita. Na wanke, na ɗora a wuta na yi mana miyar kuka ni da Zainabu, don kada ita ma ta ji tsoronta. Gindinta ya yi baƙi, sama ba ta faɗo ba. Kai, ashe tukunya ce mai kyau! Ba ta kamu, ba ta tsiyaya. Uwata ta iya zaɓe, 'yarta ce ba ta iya amfani ba. Ku dafa a cikinta kullum. In lemo ya yi 'ya'ya, tahuna ta yi albarka, ka kai ni in ga Ka'aba, can ma na ji ana sai da tukwane. In kuwa ban kai ba, Allah ya ga sawuna, rabin hanyar da ƙafa na taka.

Saura kakinka. Yana jarfi. Tsuntsayen nan da wayarku ta tara mini sun addabi dawata, sai na samu sanda biyu na gicciye, na zura musu riga da wando, na kifa hular kwano a sama. Wallahi ya yi kyau, daga nesa sai ka ce mufattish. Hajja Kulu ta wuce da safe ta gaishe shi, har tana tambayarsa ya Zainabu. Tun da ya kama aiki ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Ba ya neman mahiya, ba ya shan shayi, ba ya makara. Ka ga ni ma na iya taufir.

To in mudir ya aiko neman mai kakin nan, zan nuna masa shi, su daidaita. Kai kam kana da aiki.

Allah shi yi maka albarka, shi sa ka zauna da ƙafar dama. Allah shi tsare hannunka daga bel ɗin inji, shi tsare bakinka daga abin da za ka yi nadama, shi sauki Zainabu lafiya. Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri. In an yi suna ka aiko da wuri, ni ba na son labari ya zo mini da sanyi.

Wassalam.

Innarka.